Yadda Ake Janyewa Daga Gudun Fanfalaki Idan Rauni Ya Samu

Babu wanda yake gama kilomita 42.195 bai ji ciwo ba. Abin da ake so ɗan tsere ya iya shi ne bambance ciwon gajiya da ciwon rauni, kuma ma'aunin yana ƙafarsa: in ciwo ya sauya maka taku har ka fara ɗingishi, to rauni ne.

Ciwon gajiya yana bazuwa, yakan kama cinyoyi biyu ko sharaɓa biyu tare, kuma in ka rage gudu sai ya lafa. Ƙagewar tsoka, sukar haƙarƙari da bororon tafin ƙafa duk suna cikin wannan aji, suna da zafi amma ana iya lallaɓa su. Ciwon rauni kuwa wuri guda yake zama, za ka iya ɗora yatsa ɗaya ka ce ga shi nan, kuma kowane taku ƙara shi yake yi.

In kana kokwanto, ka koma tafiya na minti uku zuwa biyar, sannan ka gwada sassarfa. Ciwon ya dawo nan take, ko ya fi na da? Tseren yau ya ƙare. Haka ma in ka tsaya a kan ƙafar mai ciwo ita kaɗai ka kasa ɗan tsalle, domin wannan na iya nuna tsagewar ƙashi, wadda ta fi samun ƙwauri da ƙananan ƙasusuwan bayan ƙafa. Ciwo mai zurfi a matsematsi ya fi su haɗari, don yana iya zama tsaga a wuyan ƙashin cinya, kuma in aka ci gaba da duka a kai sai ya karye gaba ɗaya, har ta kai ga tiyata. In kuma ka ji kamar an haure ka ta baya a saman dunduniya, ka waiga ba kowa, to agara ce ta tsinke. Kada ka ƙara taka ta.

Akwai alamun da ba a yi musu gwaji ko ɗaya: ciwon ƙirji, jiri, gani dishi-dishi, tangaɗi, amai a kai a kai, ko ruɗewa har mutum ya kasa faɗin inda yake. A tseren Legas, wanda aka fara a 2016 kuma galibi ake yi a watan Fabrairu, zafi da gumi ne babbar barazana da zarar rana ta ɗaga. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 kuma hankali ya fara gushewa, ana sanyaya mutum ne a nan take da ruwan ƙanƙara kafin a ɗauke shi zuwa asibiti, domin mintuna 30 na farko su ne ke raba rai da mutuwa. Wani abin da ba a cika sani ba shi ne, yawan shan ruwa ma yana kayar da mutum. Gishirin jini ne ke tsinkewa, yatsu su kumbura, kai ya yi ta sarawa. Irin wannan in aka ƙara ɗura masa ruwa an ƙara masa cuta ne.

Ita ma tsayawar tana da tsari. Kada ka ja birki a tsakiyar hanya, akwai mutane a bayanka. Ɗaga hannu, waiga, ka zame zuwa gefe. In kana iya takawa, ka nufi rumfar ruwa ko ta masu agaji mafi kusa, ko da komawa baya za ka yi. In ba ka iyawa, zauna a gefe, ka roƙi wani ɗan tsere ya ba da lambar ƙirjinka a rumfa ta gaba. Lallai ka gaya wa jami'in tsere cewa ka janye, ya rubuta lambarka. Wanda ya sulale ya hau acaba ya tafi masauki ya bar jami'ai da 'yan uwansa suna nemansa a asibitoci. Manyan tsere suna da mota da ke bin baya tana kwasar waɗanda suka tsaya, sai dai takan daɗe, don haka ka fito da waya da ɗan kuɗin mota. Tun daren tsere kuma ka cike bayan lambarka da sunan wanda za a kira, da cutar da kake da ita, da maganin da jikinka ba ya so.

Ka duba taswirar hanya tun kafin ranar. Wurare irin gadar Third Mainland ta Legas, mai tsawon kusan kilomita 12, babu inuwa kuma fita daga kansu da wuya. In ƙafa ta fara gargaɗi kafin hawa gada, a ƙasa ake yanke shawara.

Babban kuskuren da ake yi shi ne haɗiye ibuprofen ko diclofenac don a ƙarasa. Suna rufe ciwon da ke yi maka kashedi, sannan suna takura wa ƙoda a daidai lokacin da jiki ya rasa ruwa. Kunya ce ke jawo wannan, alhali Eliud Kipchoge na Kenya, mai zinare biyu na Olamfik, ya tsaya a Paris a 2024 bayan wajen kilomita 30 saboda ciwo.

Da ka tsaya jiki zai huce da sauri, har ka fara rawar sanyi a jiƙaƙƙiyar riga, sai ka canza ta. Ka sa ƙanƙara a cikin ƙyalle ka ɗora na minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar sama. Kada a murza wurin, kada a ja, kuma kada a kai wa mai ɗori kafin a ɗauki hoton ƙashi a asibiti. In ba ka iya taku huɗu a kan ƙafar, a ranar za ka asibiti. Tsagewar ƙashi sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko sai bayan mako biyu ko uku, don haka in hoto ya ce lafiya amma ciwon yana nan, ka koma, ko a yi MRI, wato hoton da ya fi nuna cikin ƙashi da tsoka dalla-dalla. Ka kuma lura da fitsarinka na kwana biyu: in ya yi duhu kamar baƙin shayi, tsoka ce ke narkewa cikin jini, kuma ƙoda na cikin haɗari.

Ƙaramar tsaga a ƙwauri takan ɗauki mako shida zuwa takwas. Ba a komawa gudu sai ka iya tafiyar minti 30 ba ciwo, sannan a fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, rana ɗaya a yi, rana ɗaya a huta.