In an hana ka tallafin naƙasa a Ingila, ga yadda ake ɗaukaka ƙara

Wannan bayani na 'yan'uwanmu ne da suka taso daga ƙauyukan Kano da Jigawa, irin na wajen Ringim, Gumel, Ɗambatta da Rano, suka sauka Birtaniya, sai lalura ta same su ko ta sami wani nasu. Har da iyalan da ke gida nake yi wa, domin su ake fara bugo wa waya ranar da wasiƙa ta zo. Mutum ya ce "Yaya, sun hana ni," a ce masa "to, sai haƙuri, ba rabonka ba ne." Haƙuri yana da wurinsa, amma wasiƙar farko ba ita ce hukuncin ƙarshe ba. Doka ta ba ka damar a sake dubawa, ta kuma ba ka damar zuwa gaban alƙali kyauta. Matsalar kawai ita ce kowace dama tana da wa'adi, kuma wa'adin gajere ne.

Tallafin da nake magana a kai shi ne wanda ake kira PIP, wanda ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, take biya tun 2013 ga mai shekara 16 zuwa shekarun fansho. Ba ya duba albashinka ko ajiyarka, mai aiki ma yana karɓa. Kashi biyu ne: na hidimar yau da kullum da na zirga-zirga. A shekarar kuɗi ta 2025, kashin farko fam 73.90 ne ko 110.40 a mako, na biyu kuma fam 29.20 ko 77.05. Dole lalurar ta kai wata 3 tana damunka, kuma ana sa ran za ta ƙara wata 9. Wanda ke Sikotlan tsarinsu daban ne, da wa'adinsu daban, sai ya bi abin da wasiƙarsa ta ce.

Kafin komai, duba takardar zamanka. Yawancin waɗanda suka zo da bizar karatu, ta aikin kula da tsofaffi ko ta aure, an rubuta musu cewa ba su da haƙƙin cin kuɗin gwamnati, kuma PIP yana cikin waɗannan kuɗaɗe. In haka taka take, ɗaukaka ƙara ba zai yi maka komai ba, neman kuɗin ma kansa yana iya jawo maka matsala ranar sabunta biza. Akwai kuma sharaɗin cewa ka zauna a ƙasar shekara 2 cikin 3 da suka wuce, ban da waɗanda aka ba mafaka. In dalilin hanawar ɗaya ne daga waɗannan, mai ba da shawara kan shige da fice za ka nema. Sauran maganata ta wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa ce, aka ce makinsa bai kai ba.

Maki ake bayarwa. Akwai ayyuka 10 na yau da kullum, kamar dafa abinci, ci da sha, shan magani, wanka, kewayawa, sa tufafi, magana, karatu, cuɗanya da mutane da lissafin kuɗi, sai 2 na zirga-zirga: tsara tafiya da binta, da kuma takawa da ƙafa. Maki 8 a kashi ɗaya yana kai ka ƙaramin mataki, 12 babban mataki. Sunan cutar ba ya ba da maki ko ɗaya. Mutum biyu na iya zama da sikila iri ɗaya, ɗaya ya samu, ɗaya ya rasa, saboda abin da ake aunawa shi ne yadda ciwon ya hana ka hidimar kanka.

A nan ne mutanenmu suke faɗuwa, kuma a ganina tarbiyyarmu ce take kayar da mu. An raine mu a kan cewa mai ciwo ba ya raki. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a soro, ka tambaye shi jiki, zai ce da sauƙi. To ka ɗauki wannan dattijon ka zaunar da shi gaban ma'aikaciyar tantancewa, wadda ke yi wa mai neman tallafin tambayoyi ta rubuta rahoto a kansa. Ya sa sabuwar shaddarsa da hula zanna, domin a wurinmu ba a zuwa gaban hukuma da ƙazanta. Ba a ga cewa ɗansa ne ya sa masa rigar ba, ba a ga cewa tun asuba ake fama ba. Ta tambaye shi yaya yake, ya ce lafiya lau, an gode Allah. Ta tambaye shi ko yana iya dafa abinci, ya ce ba matsala, Hajiya tana dafawa. Ta tambaye shi batun ban ɗaki, kunya ta kama shi, ga mace, ga ɗansa a zaune, ya ce yana iyawa. Duk abin da ya faɗa an rubuta, har da yadda ya shigo da yadda ya zauna. Rahoto ya fita da sifili.

Alhali tambayar abinci ba ta shafi waye ke dafawa a gidan ba. Abin da doka take nufi shi ne, da za a bar ka kai kaɗai da ɗanyen kayan miya, za ka iya fere, ka yanka, ka dafa na mutum ɗaya? Kuma "iyawa" a dokar tana da sharuɗɗa huɗu: ka yi abin ba tare da haɗari ba, ka yi shi yadda ya kamata, ka iya maimaita shi duk lokacin da ake buƙata, kuma kada ya ɗauke ka fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya. In wanka yana cin maka awa guda, daga nan ka kwanta har azahar, a idon doka ba ka iya wanka yadda ake nufi. Ga masu ciwon da ke tashi yana kwantawa, kamar sikila, farfaɗiya ko ciwon damuwa, ana duba yadda kake a fiye da rabin kwanakin shekara. Ranar da ka samu sauƙi ka fita masallaci ba ta soke ranaku biyar da ka yi a kwance.

Lalurar ƙwaƙwalwa ta fi wuya, don mun fi ɓoye ta. A ƙauye in an ce an kai wane Dawanau ko asibitin Kazaure, maganar tana bin gidan har lokacin auren 'ya'ya. Saboda haka mace za ta yi wata shida ba ta barci, ba ta iya fita ita kaɗai, in an ƙwanƙwasa ƙofa gabanta ya faɗi, amma sai a ce iska ce, a aiko da rubutu da hayaƙi daga gida, a yi ruƙiyya ta waya. Ban hana kowa addu'a ba. Sai dai alƙali takarda yake karantawa, kuma malami ba ya ajiye fayil. Je wurin likitan unguwarku ku faɗa masa komai, a rubuta. Tsarin makin ya san da wannan lalura: wanda sai an tuna masa ya ci abinci, sai an lallashe shi ya yi wanka, ko fargaba ta hana shi shiga mota shi kaɗai, duk yana da maki, ko da ƙafafunsa ƙalau suke.

Matakin farko shi ne neman ma'aikatar ta sake duba hukuncinta, kuma ba a tsallake shi. Wata ɗaya gare ka daga ranar da aka rubuta a saman wasiƙar, ba ranar da ka buɗe ambulan ba. In ka makara da dalili mai ƙarfi, kamar kwanciya asibiti, ana iya karɓa har zuwa wata 13, amma kada ka jingina da wannan. Ana iya nema ta waya, sai dai rubutu ya fi, ka ajiye kwafi da shaidar aikawa daga gidan waya. Ka kuma buga musu ka ce a aiko maka da rahoton mai tantancewa. Ka zauna da wani mai Turanci, ku bi shi layi-layi. Inda aka rubuta ka yi tafiyar mita 200 ba tsayawa, kai kuma ka san sau uku ka jingina da bango, ka rubuta haka. Nisan yana da muhimmanci: wanda ba ya iya wuce mita 20 yana samun maki 12, wanda yake tsakanin 20 da 50 yana samun 8 ko 10. Kada ka ɓata takarda wajen cewa an zalunce ka. Ɗauki aiki ɗaya-ɗaya, ka faɗi abin da ke faruwa in ka gwada, ka ba da misali na gaske: ranar da tukunya ta suɓuce, ranar da ka faɗi a ban ɗaki, tun yaushe kake salla a zaune.

Shaida kuwa, kana da haƙƙin neman bayanan lafiyarka daga asibitin unguwa kyauta, ko da yake wasiƙa ta musamman likita yana iya cajin kuɗi. Haɗa da jerin magunguna, wasiƙun ƙwararrun likitoci, da rubutaccen bayani daga wanda yake jinyarka. Ka riƙa rubuta yadda kowace rana ta wuce na mako biyu ko uku. 'Yan gida ma suna da aiki a nan: in ciwon tun a gida ya fara, a nemo tsohon katin asibiti, na babban asibitin ƙaramar hukuma ko na Malam Aminu Kano, a ɗauki hotonsa sosai a turo ta WhatsApp. Yana nuna cewa lalurar ta daɗe.

Yawancin lokaci sake dubawar ba ta canza komai. Kada wannan ya karya maka gwiwa, domin ofishin da ya yanke hukuncin ne ya duba kansa. Za su aiko da takardar sakamako, daga ranarta kana da wata ɗaya ka kai ƙara kotun walwalar jama'a, ta intanet ko da fom mai lamba SSCS1. Ba a biyan ko kwabo. Kotun ba ta ƙarƙashin DWP, kuma mutum uku ne ke zama: alƙali, likita, da wani mai sanin harkar naƙasa. Mafi yawan ƙarar PIP da ake saurara a wannan kotu mai ƙara ne yake nasara, in kuma ka ci, ana biyan ka bashin tun daga ranar da ka fara nema.

Fom ɗin zai tambaye ka ko za ka halarta ko a yanke a kan takarda kawai. Ka halarta, ko da kanka, ko ta waya, ko ta bidiyo. Ka nemi tafinta na Hausa a fom ɗin, kyauta ne, kuma kotu ce take kawo shi, ba a yarda ɗanka ya fassara ba. Wannan ma alheri ne, don abin da ba za ka faɗa a gaban ɗanka ba za ka iya faɗa wa baƙo. Ko kana jin Turancin kasuwa, ka nema, saboda mutanenmu in ba su gane tambaya ba sukan gyaɗa kai su amsa da e. Kana iya zuwa da mai rakiya. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice da cibiyoyin lauyoyi na unguwanni suna taimakawa wajen shirya ƙara ba kuɗi, sai dai layinsu da tsawo, ka je musu tun ranar da wasiƙar farko ta zo. Ka guji ɗan gari mai cewa ka ba shi kaso ya rubuta maka ciwon da ba ka da shi. Wannan zamba ce, ana gurfanar da mutum a kanta, kuma ga baƙo tana iya taɓa zamansa a ƙasar.

Kotu tana duba halin da kake ciki a ranar da aka yanke hukuncin farko. In jikin ya ƙara tsananta bayan nan, sabon nema za ka yi. In kuma an ba ka wani kaso kana neman ƙari, ka sani kotu tana da ikon rage wanda ke hannunka, shi ya sa ake son ka yi shawara kafin ka shigar. Wani lokaci ma'aikatar takan bugo waya kafin ranar zama ta yi maka tayi. Kada ka amsa nan take, ka ce za ka yi shawara.

Jira yakan ɗauki watanni. Mai niyyar zuwa gida jinya ko ganin dangi a tsakanin nan ya sanar da kotu ranakun da ba ya nan, kada a sa zama yana Haɗeja. Wanda kuma ya riga ya fara karɓa, ana ci gaba da biyansa har mako 13 yana waje, ko 26 in neman magani ya kai shi, amma ya sanar da ma'aikatar kafin ya hau jirgi. In kotun farko ta kayar da kai, ka nemi rubutattun dalilanta cikin wata ɗaya ka kai wa mai ba da shawara, domin kotun sama ba ta sauraron ƙara sai in an yi kuskure wajen aiki da doka.