Yadda ake juya jimlar Turanci zuwa korewa da tambaya

Fara da neman mataimakin aikatau: is, are, was, can, will. In akwai shi, sa not a bayansa don korewa: "She is not coming". Don tambaya kuwa, ciro shi gaba: "Is she coming?"

Inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe shi ne jimlar da ba ta da mataimaki, kamar "He eats rice". Sai a aro does: "He does not eat rice", "Does he eat rice?" Lura da kyau, s ɗin eats ta faɗi, domin does ta ɗauke ta. Haka did ke ɗauke alamar shuɗaɗɗen lokaci, shi ya sa "They went" ke komawa "Did they go?", ba "Did they went?" ba.