Darasi na Tara: Rediyo Ya Ce Hauhawar Farashi Ta Sauka, Mudu Kuma Bai Sauka Ba

Ranar wata Laraba a ajinmu na yamma a Tudun Wada, wata mai tuyar ƙosai ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, jiya na ji a rediyo wai hauhawar farashi ta sauka. Da safe na shiga kasuwa, kwalbar man gyaɗa tana nan yadda na bar ta. Ƙarya ake yi mana ke nan?"

Na ce, "Hajiya, rediyo bai yi ƙarya ba, ke ma idonki bai yaudare ki ba. Ɗauko allo mu yi lissafi."

Hauhawar farashi

Hauhawar farashi ita ce gudun da kuɗin kaya yake yi zuwa sama. Motar da ta tashi daga Kawo za ta Zariya, in direba ya rage gudu, ai ba Kaduna ya juyo ba. Gaba dai yake yi, a hankali.

A ce mudun shinkafa naira 1,000 ne. Kaya suka hau da kashi 35 cikin ɗari a shekara, mudu ya zama naira 1,350. Shekara ta zagayo, hauhawar ta sauka zuwa kashi 20. Kashi 20 na 1,350 shi ne 270. Mudu ya zama naira 1,620. Hauhawa ta ragu, amma kuɗin mudu ya ƙaru.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ke fitar da wannan adadi duk wata. A Disamba 2024 ta ce ya kai kashi 34.8. A Janairu 2025 ta ce kashi 24.48 ne. Kada ku ɗauka a wata guda kaya suka yi araha haka. Hukumar ce ta sabunta ma'auninta, wato jerin kayan da take dubawa da shekarar da take kwatantawa da ita. Mudun awo aka canza, kuma wanda ya auna da tiya ba ya gardama da wanda ya auna da gwangwani.

Ina tsadar ta samo asali? A ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dala ɗaya da take wajen naira 460 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024. Taki, magani, alkama, kayan gyaran keke napep, duka da dala ake shigo da su ko da kayan haɗa su. Ga kuma namu na gida: shekaru manoman Birnin Gwari da Giwa suna tsoron shiga gonakinsu saboda 'yan bindiga, a 2023 kuma cuta ta cinye citta a yankin Kachia.

Bunƙasar tattalin arziki

An ce arzikin Najeriya ya ƙaru da kashi 3.4 a 2024. Kamar gonar gandu ce da ta ba da buhu 100 bara, bana ta ba da 103 da ɗoriya. To amma bakunan da ke ci ma sun ƙaru, don yawan jama'armu yana ƙaruwa da sama da kashi 2 duk shekara. Rabon kowa kusan bai motsa ba. Yawancin ƙarin ma daga bankuna da kamfanonin sadarwa da sauran ayyukan hidima ya fito. Wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙu ke busa ƙaho ma'aikata na tururuwa, ya san irin bunƙasar da ke ɗaukar mutum aiki.

Kasafin kuɗi

Gwamnati ma kamar maigida take: akwai abin da ke shigowa, akwai abin da ke fita. Nata yana shigowa ta ɗanyen mai da haraji da kuɗin kwastan. Kasafin tarayya na 2025 naira tiriliyan 54.99 ne, kuma wajen tiriliyan 14 daga ciki na biyan bashi ne. Wato a kowace naira huɗu, kusan ɗaya ta masu bin bashi ce tun kafin a sayi alli ko allura. In abin da za a kashe ya fi abin da za a samu, shi ne giɓin kasafi, kuma da sabon bashi ake cike shi.

Tun da aka cire tallafin mai, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. A ganina wannan ne ya kamata ku riƙa tambayar kansila da ɗan majalisarku a kai, tun kafin su zo neman ƙuri'a. A Yuli 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, Jihar Kaduna ta ce 72,000 za ta biya. Albashi ya ninka biyu da 'yan kai, fetur ya ninka biyar.

Babban Banki kuwa makaminsa kuɗin ruwa ne. Ya ɗaga shi har kashi 27.5 a ƙarshen 2024 don kuɗi su ragu a hannun jama'a. Shi ya sa rancen banki ya yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyi.

Abin da ke tafe

In dala ta tsaya wuri ɗaya, fetur bai sake tashi ba, damina ta yi kyau, hauhawar za ta ci gaba da rage gudu. Farashin 2022 dai ba ya dawowa, kada kowa ya yi kasafin gidansa a kansa. Hatsi dai yana iya sauka da gaske, kamar yadda masara ta faɗi a 2025 alhali taki na nan da tsadarsa. Mai saye ya ji daɗi. Manomin Saminaka da ya sayar da buhuna bai mayar da kuɗin takinsa ba kuwa, zai iya rage gona baɗi, daga nan sai mudu ya sake hawa. A kula da kakar zaɓe ma, lokacin da gwamnatoci ke sakin kuɗi.

Saboda haka mai ɗan hali ya sayi hatsinsa da kaka. Mai adashi ya nemi na gajeren zagaye, don wanda zai ɗauka a ƙarshe, kuɗinsa sun rage auki. Mai sana'a kuma, kamar Hajiya, ta riƙa yanke farashin ƙosanta da kuɗin da za ta sayi wake gobe, ba wanda ta saya makon jiya ba.

Aikin gida

Galan ɗin manja naira 8,000 ne. In ya hau da kashi 25 bana, baɗi kuma da kashi 10, nawa zai zama? Sannan ku zaɓi kaya uku da kuke saye kullum, ku rubuta kuɗinsu a littafi kowace Juma'a har wata guda, ku zo da shi aji.