Yadda ake gudanar da gwajin sadarwa a kan kwamfutocin bincike na haɗaka

Ɗalibin da ke karantar sadarwar kwamfuta a Jami'ar Jihar Kaduna ko Kaduna Poli yakan kai matakin da littafi ba ya isarsa. Yana son ya gani da idonsa abin da ke faruwa idan layi ya cunkushe, amma kwamfutarsa ɗaya ce tal. Don irinsa aka gina dandalin gwaji na haɗaka: ɗaruruwan kwamfutoci a wasu jami'o'i, ana ba mai bincike aronsu ta intanet. Zan kafa misali da CloudLab, wanda jami'o'in Utah da Clemson da Wisconsin a Amurka ke gudanarwa.

Fara daga gida. Saka Mininet, manhajar kwaikwayon hanyar sadarwa, a kwamfuta mai Linux, ka haɗa na'urorin kwaikwayo guda biyu, ka saba da ping (auna jinkirin layi) da iperf3 (auna saurinsa) da tcpdump (duba saƙonnin da ke wucewa). Wanda hannunsa bai faɗa da waɗannan ba, lokacin aronsa zai ƙare yana lalube.

Daga nan sai rajista. Malami ne ke buɗe aikin bincike, masu dandalin su duba su amince, ɗalibai kuma su shiga ƙarƙashinsa, don haka fara zama da malaminka. Za a nemi mabuɗin SSH, wanda da shi za ka shiga kwamfutocin daga nesa. Umarnin ssh-keygen zai ba ka guda biyu: na bayyane shi za ka ɗora, na sirri kuwa kada ya bar kwamfutarka, ko abokin aikinka ne ya roƙa.

Sai ka zaɓi tsarin gwaji, wato bayanin kwamfutoci nawa kake so da yadda za a haɗa su. Akwai shiryayyu, kana kuma iya rubuta naka da Python. Ɗauki biyu da layi ɗaya a tsakaninsu. Sun isa a karon farko.

Nan ne nake so ka natsu. Kowace kwamfuta tana da ƙofa biyu: wadda ka shigo ta cikinta daga Kaduna, wadda kowa ke amfani da ita, da kuma layin da aka ware maka kai kaɗai. Buga ip addr, ka nemo adireshin layinka, galibi irin 10.10.1.1. Da shi za ka yi awo. Idan ka tura iperf3 ta ƙofar jama'a, alƙaluma za su fito tsaf-tsaf, amma ba layinka ka auna ba, ga shi ka takura wa sauran masu bincike.

Auna layin yadda yake tukuna, ka rubuta. Sannan da umarnin tc netem ka ƙara jinkirin milisakan 50 a ɓangare ɗaya. Ping zai nuna ƙarin nan take. Sai ka duba da iperf3 yadda saurin TCP, ƙa'idar aika bayanai a intanet, ya canza. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kowane zagaye, kuma ka maimaita awon sau da yawa, domin awo ɗaya ba hujja ba ne.

Mu da ke nan mun san halin wuta da na layin waya. Buɗe tmux, manhajar da ke riƙe aiki ko layi ya yanke, a kan kwamfutar aron kafin ka kunna dogon gwaji; ko an ɗauke wuta a Kawo ko Tudun Wada, aikin zai ci gaba a can, ka dawo ka iske shi. Tattara umarninka a fayil guda, sakamakon kuma ya riƙa shiga wani fayil.

CloudLab yakan ba da sa'o'i 16 da farko, ana iya neman ƙari da dalili. Wa'adi na cika za a goge abin da ke kan kwamfutocin, don haka kwashe sakamakonka zuwa kwamfutarka da umarnin scp da wuri. Idan ka gama kafin lokaci, rufe gwajin da kanka, wani na jiran kwamfutocin.