Yadda Ake Karanta Waƙoƙin Fasto Paul Gerhardt

Kada ka fara da waƙoƙin. Ka samu takarda ka jera shekarun rayuwarsa tukuna. An haifi Gerhardt, faston Lutheran mai rubuta waƙoƙin coci, a 1607 a Gräfenhainichen, ƙasar Jamus. Yana da shekara goma sha ɗaya Yaƙin Shekara Talatin ya ɓarke, kuma a 1637 sojojin Suwidin suka ƙone garinsu. Ya yi karatun tauhidi a Wittenberg, amma bai samu ikkilisiyarsa ta farko ba sai 1651, a Mittenwalde, yana ɗan shekara arba'in da huɗu. Cikin 'ya'yansa biyar, huɗu sun rasu tun suna ƙanana.

Sai ka ɗauki waƙa ɗaya tak. Ni kullum da "Befiehl du deine Wege" nake fara wa ɗalibai. Buɗe Zabura 37:5 ka ajiye a gefe, ayar da ke cewa mutum ya danƙa hanyarsa ga Ubangiji. Waƙar baiti goma sha biyu ce, kuma idan ka tsinci kalmar farko ta kowane baiti ka haɗa, ayar ce za ta fito a Jamusanci. Ko ba ka jin harshen, ka bi da yatsa ka gani da idonka, sannan ka koma ga fassara. Ka karanta da murya, baiti ɗaya a rana. An rubuta ta don jama'a su rera, kuma Johann Crüger, shugaban mawaƙan cocin Nikolai a Berlin, shi ya fara buga waƙoƙin Gerhardt cikin littafinsa na 1647.

Wani abu da nake so ka kiyaye: an sha cewa ya rubuta wannan waƙa bayan an sauke shi daga aikin fasto. Ba haka ba ne. Ta fito tun 1653. Saukewar a 1666 aka yi, da ya ƙi sa hannu kan dokar mai mulkin Brandenburg, Friedrich Wilhelm, wadda ta hana fastocin Lutheran sukar koyarwar 'yan Calvin, wani ɓangaren Furotesta, a kan mumbari. Matarsa ta rasu 1668, shi kuma ya ƙare aikinsa a Lübben, inda ya rasu 1676. Wato ya rubuta kalmomin kafin mafi yawan jarrabawar ta same shi, kuma abin yana taɓa ni ƙwarai.

In ka gama da ita, ka koma kan wata waƙarsa, "O Haupt voll Blut und Wunden", a makon Juma'a Mai Kyau, ka nemi yadda Johann Sebastian Bach, Bajamushe mai tsara kiɗa, ya sa ta cikin kiɗansa na shan azabar Yesu bisa Linjilar Matiyu.