Darasi na 7: Yadda Ake Zaɓe da Kafa Kantar Katakon Ok a Gida

A darasin da ya wuce mun koyi karanta tef na awo, mun san santimita da mita. Yau za mu yi aiki da wannan ilimin a kan abu guda: kantar da ake kafawa a bango don jera littattafai, kwanuka ko kayan ado. Katakon da za mu duba shi ne na itacen ok, wanda Larabawa ke kira ballut.

Wane irin itace ne ok?

Ok itace ne da ya fi yawa a Turai da Arewacin Amurka da wasu sassan Asiya, kuma ire-irensa sun haura 400. Yana da nauyi, yana da tauri, yana daɗewa. Jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765, ya ci itatuwa kusan 6,000, yawancinsu ok ne, kuma har yau yana nan a garin Portsmouth mutane na zuwa kallo. Rufin babban cocin Notre-Dame na birnin Paris, wanda gobara ta cinye a watan Afrilu na 2019, da gumaguman ok aka gina shi, ya shekara ɗaruruwa a tsaye kafin wutar.

Iri biyu ne za ku fi ji a bakin masu sayar da katako: farin ok da jan ok. Sunan kan ruɗi mutum, domin launinsu bai yi nisa da juna ba. Bambancin yana cikin 'yan ramukan da ke jikin itacen. Na jan ok a buɗe suke. In ka yanki ɗan guntu, ka tsoma kai ɗaya a ruwa ka hura ɗaya kan da baki, za ka ga kumfa na tasowa. Na farin ok a toshe suke, shi ya sa da shi ake yin gangunan zuba abin sha da jiragen ruwa. Saboda haka in kantar ta ɗakin girki ce ko kusa da wurin wanka, farin ok ya fi. In ta falo ce ko ɗakin kwana, kowanne ya yi.

A wurin saye

Nan ne ya kamata ku ɓata lokaci, domin kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa a gida.

Abu na farko, ku tabbatar ok ɗin ne har ciki. Akwai allunan da aka yi da garin katako da gam, aka manna musu fatar ok wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba. Daga nesa sai ka rantse na gaske ne, amma kyan ɗan maciji ne. Kada ku tsaya kallon fuskar allon. Ku juya shi ku dubi bakinsa, inda zarto ya yanka. A katako na gaske za ku ga layuka masu lanƙwasa kamar baka, waɗanda su ne zoben shekarun itacen, da 'yan ramuka kamar hudar allura a jere. Ku bi layi ɗaya da yatsa daga fuskar allon, za ku ga ya gangara ya shiga bakin ba tare da ya yanke ba. A na manne kuwa zanen fuska daban, na baki daban. Ban ce allon manne ba shi da amfani ba. Yana ɗaukar kaya marasa nauyi, kuma ba ya murɗewa. Sai dai in ruwa ya shige shi yakan kumbura, in ya ƙuje kuma ba a iya goge shi sosai. Abin da ba na so shi ne ku biya kuɗin na gaske a ba ku na manne.

Abu na biyu shi ne bushewa, kuma a ganina ya fi komai muhimmanci. Ok yana jinkirin bushewa. Tsohuwar ƙa'idar kafintoci ita ce shekara guda ga kowane santimita 2.5 na kauri, in a iska aka shanya shi. Katakon da za a sa a cikin ɗaki ana so danshinsa ya sauko tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Wasu masu sayarwa suna da ƙaramar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta nuna lamba. Ku nemi a auna a gabanku, ba abin kunya ba ne. Ɗanyen katako a bango zai ci gaba da bushewa, ya tsage, ya lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Sannan ku ɗaga allon, ku kai kansa ɗaya kusa da ido, ku hango tsawonsa kamar mai saita bindiga. In ya karkace, ku ajiye shi. Ku guji wanda yake da babban ido a tsakiya, wato gurbin reshe, domin nan ne raunin katako. Ku guji mai farin gefe da yawa: wannan ɓangaren na kusa da ɓawo ne, ya fi laushi, kuma shi ƙwari ke so.

In kun kawo shi gida, ku kwantar da shi a ɗakin da zai zauna na mako ɗaya ko biyu, da 'yan sanduna a ƙarƙashinsa don iska ta ratsa. Sauri ya haifi nawa.

Kauri da tazara

Ga ɗan lissafi. Lita ɗaya ta busasshen ok tana da nauyin kusan gram 700. Allo mai tsawon santimita 100, faɗin 25, kaurin 2.5, girmansa lita 6 da kwata ne, wato nauyinsa ya kusa kilo 4 da rabi tun ba a ɗora masa komai ba. Littattafan da suka cika mita ɗaya kuma sukan kai kilo 20 zuwa 30. Kun ga ke nan bangonku zai riƙe abin da ya kai nauyin yaro.

Ok ba kasafai yake karyewa ba, lotsawa yake yi a tsakiya in an bar tazara mai yawa tsakanin madogaran da ke tallafe da shi. Ku riƙe wannan da kyau: in aka ninka kaurin allo sau 2, ƙarfinsa na ƙin lotsawa yana ninkuwa sau 8. In kuma aka ninka tazarar madogarai sau 2 aka cika kantar da kaya, lotsawar tana ninkuwa sau 16. Don haka ƙara madogari ɗaya a tsakiya ya fi sauƙi kuma ya fi amfani fiye da yadda mutane ke zato. Ga allo mai kaurin santimita 2 zuwa 2.5 da zai ɗauki littattafai, ni ba na wuce santimita 60 zuwa 80 tsakanin madogari da madogari. Tsawon hannun madogarin kuma ya kusa kai faɗin allon.

Kafawa a bango

Yawancin kantocin da na ga sun faɗo, allonsu lafiya lau yake, bangon ne ya saki. Ku ƙwanƙwasa bangon tukuna. In na bulo ne ko siminti, a huda da injin huda, a cusa robar da ke riƙe sukuru, wadda ta yi daidai da ramin. In kuma bangon allon filasta ne mai rami a ciki, za ku ji yana amo kamar ganga. A irin wannan sai an nemo ginshiƙan da ke bayansa, waɗanda yawanci ake jerawa a tazarar santimita 40 ko 60, a ɗaure madogaran a jikinsu. Kada a huda daidai saman ko ƙasan makunnin wuta da soket, domin nan wayoyi suka saba bi.

Ku kafa madogari na farko, ku ɗora allon, ku sa ma'aunin daidaito irin na magina, mai ƙwayar iska a cikin ruwa. Sai ƙwayar ta tsaya a tsakiyar layuka biyu sannan ku yi alamar na biyu da fensir.

Yanzu ga abin da ok ya bambanta da sauran katakai. A jikinsa akwai wani sinadari mai suna tanin. In tanin ya haɗu da baƙin ƙarfe da danshi, sai ya zama baƙi-shuɗi. Da wannan haɗin ne ma Turawan zamanin da suka riƙa yin tawadar rubutu ƙarni da ƙarni. Na taɓa ajiye gwangwani mai jiƙaƙƙen gindi a kan sabuwar kanta da daddare, da safe na ɗaga shi na tarar da baƙin zobe, zagaye cif, kamar an buga hatimi. Na goge da tsumma, na sa sabulu, ko gezau. Sai da na kankare wurin da samfefa na sake shafa mai. Saboda haka ku yi amfani da sukuru na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kuma ku fara huda ɗan siririn rami kafin ku murza shi, in ba haka ba katakon ya tsage ko kan sukurun ya tsinke ya bar jikinsa a ciki, musamman na tagulla da yake da laushi.

Shafe da kulawa

Ku goge allon da samfefa kuna bin tsawon zanensa, ba a gicciye ba. Ku sa takunkumi a hanci, ƙurar katako irin wannan tana cutar da hanci da huhu in an daɗe ana shaƙa. Bayan nan a shafa man katako, ko kakin zuma, ko banish in wurin yana samun ruwa. A shafa sama da ƙasa da bakuna duka. In aka shafe fuska ɗaya kawai, ɗayar za ta riƙa shan danshi ita kaɗai, allon ya lanƙwashe.

Gargaɗi: tsumman da aka shafa man linsid (wani irin man katako) da shi yana iya yin zafi da kansa har ya kama da wuta in aka dunƙule shi aka jefar. Ku baza shi a waje ya bushe, ko ku tsoma shi a ruwa.

Wajen jera kaya, masu nauyi su zauna a kan madogarai da kusa da bango, kuma a kantar ƙasa. In ruwa ya zube a share nan take. Launin ok yakan ƙara duhu da shekaru, ya koma kamar zuma. Wannan ba lalacewa ba ce.

Aikin gida

Ku auna bangon da kuke so ku sa kanta, ku rubuta tsawon a littafinku. In tsawon santimita 180 ne, kuka bar santimita 15 a kowane gefe, kuma ba ku son tazara ta wuce 75, madogari nawa za ku saya? Ku zana kantar, ku nuna wurin kowane madogari, ku zo da zanen aji na gaba.