Yadda ake farfaɗo da tsohon injin huɗa mai jan garma da waya

Wannan inji ba ya shiga cikin gona kamar tarakta. Biyu ake girkewa, ɗaya a wannan bakin gona, ɗaya a wancan, kowanne da gangar naɗe waya, suna karɓa-karɓa wajen jan garma a tsakaninsu. John Fowler na birnin Lids a Ingila ya shahara da dabarar da injin tururi, har ya ci kyautar fam 500 a 1858. Daga baya masu shan mai suka fito: Victoria na kamfanin Walsh & Clark mai fetur da kananzir, sai na kamfanin McLaren mai dizal, bayan yarjejeniyarsu da kamfanin Benz na Jamus a 1926. Kaɗan suka tsira daga hannun 'yan gwangwan, shi ya sa nake jin ciwo idan aka lalata ɗaya da gaggawa.

Kada ka tayar da shi ranar farko. Ɗauki hoton kowane sashe kafin ka taɓa noti, ka rubuta lambar da ke jikin farantinsa. Idan na Fowler ne, takardun kamfanin suna gidan tarihin rayuwar karkara na jami'ar Redin.

Kwance filogi idan mai fetur ne, zuba dizal a silinda, ka bar shi ya jiƙa makonni. Fistin da ya kafe ba a dukansa da guduma. Duba jikin injin ko ya tsage, don a ƙasar sanyi ruwan da aka bari a ciki yakan daskare ya fasa ƙarfe. Sauya baƙin mai, wanke tanki da kafireta.

Wayar ce ta fi ba ni tsoro. Tana iya yin kyau a ido alhali tsatsa ta cinye cikinta, kuma in ta tsinke ana cikin ja, takan yi bulala ta sare mutum. Warware ta duka, sa safar fata, bi ta taku-taku. Ka ga zare ya tsinke ko ta lanƙwashe, cire ta ka adana don tarihi, ka sa sabuwa. Sa giris a haƙoran ganga da abin da ke jera wayar, ka gwada birki kafin a ɗaura garma.

Mai kananzir, da fetur ake tayar da shi, sai ya yi zafi a juya shi kan kananzir. Kafin ka kashe, mayar da shi kan fetur. Asalin fenti kuwa, ko ya koɗe, goge shi da mai kawai. Zubar da ruwan da ke cikin injin, ka ajiye shi ƙarƙashin rumfa, kana juya shi da hannu duk wata.